Jan Ganye a Ƙofar Ɗakin Shan Magani

Da hantsi Sista Dorin ta bugo waya daga ƙauye, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Apo, ƙawata, in a tsaye kike nemi wuri ki zauna. An ƙulla mana ganye a ƙofa."

Dokta Priska Homate tana ɗakin gwaje-gwaje na cibiyar da take aiki a garin Goroka, tana shirya kwalayen da za a kai Kotuva, ƙauyensu, inda Dorin take aiki. Ta ajiye wanda ke hannunta. Duk wanda aka haifa a kan duwatsun nan ya san ma'anar jan ganye idan aka ƙulla shi a bakin gona ko a ƙofar ɗaki. Ba mai shiga, sai wanda ya ƙulla ya zo ya kwance da hannunsa.

"Wa ya ƙulla?"

"Kawunnan jariran. Sun ji za ki ɗebi jini. Wanda ya ja gaba kuwa ba baƙonki ba ne. Kawunki ne, tsoho Sekove."

Priska ta zauna, kamar yadda aka ce ta yi.

Wata gidauniya ce ta ƙetare take ba matasan masana kimiyya tallafi, waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba, ba su kuma taɓa jan ragamar bincike na kansu ba, muddin aikin ya shafi yara masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Priska ta nema ba ta samu ba, ta sake nema, sai a bana aka ba ta. Sharaɗin a fili yake: a fara gwajin farko kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a miƙa wa wanda ke biye da ita. Baɗi kuwa ta fita daga sahun masu farawa, ba ta da damar sake nema.

Abin da take son bincikawa ba shi da wuyar faɗi. Jaririn da ya ɗauki cutar daga uwa, in an gane da wuri aka fara ba shi magani, zai girma ya je makaranta kamar kowa. In aka makara, da yawa ba sa kaiwa lokacin yaye. Matan ƙauye kuwa ba sa sauka gari da jarirai, saboda nisa, saboda kuma idon mutane. Shi ne ta ce bari a gwada kai gwajin can inda suke. A huda diddigen kowane jariri a ƙauyen, mai lafiya da mara lafiya, a ɗiga jini kaɗan a kan kati, don kada a nuna wata da yatsa. Ta zauna da uwaye sun yarda, ta zauna da ubanni sun yarda. Ta ɗauka ta gama.

Ta shiga motar haya mai hawa Kotuva, ta matse tsakanin buhun shinkafa da wata tsohuwa mai riƙe da ɗan alade a cinya. Da motar ta bar kwalta ta kama jar hanya, sai ta ji tafin ƙafarta na hagu yana mata ƙaiƙayi a cikin takalmi, daidai inda tsohon tabo yake.

Ba ta shiga makaranta ba tukuna lokacin da ta taka tsinin gora a bakin rafi. Yayarta Betsi ce ta goyo ta zuwa gida, jini yana ɗiga a hanya. Kafin rana ta faɗi labari ya haura tudu ya isa ƙauyen su mahaifiyarsu. Washegari sai ga Kawu Sekove, ya shafe fuskarsa da laka, yana tafe yana rusa kuka kamar an yi mutuwa. Ya zauna a ƙofar ɗakin babanta, ya ƙi ruwa, ya ƙi dankali. "Ƙashin yarinyar nan naku ne," ya ce, "amma jinin namu ne, daga jikin ƙanwata ya fito. Kun bari ya zube a ƙasa." Sai da babanta ya kamo kaza ya sare rake ya ajiye a gabansa, sannan ya wanke fuska. Kazar kuwa a nan aka gasa ta, Priska ce ta ci cinya, Betsi ta ci ɗayar. Har ƙafar ta warke a wuyan kawun take yawo, tana riƙe da kunnuwansa, yana shiga gonar kofi da ita yana ce wa mutane ya sayi sabuwar hula.

Yadda aka yi ta manta da wannan, ita kanta abin ya ba ta mamaki. Ta tuna komai na aikin, har da ƙanƙarar da za a sa a akwati, ta manta masu jini.

A ƙofar ɗakin shan magani ta tarar da Dorin zaune a kan dutse tana saƙa bilum, jakar ragar da mata ke ɗaukar kaya da jarirai a ciki, zaren yana naɗe a babban yatsanta. Ga ganyen nan a jikin mariƙin ƙofa, ƙulli guda, ya fara yaushi.

"Ga ofis ɗina na yau," in ji Dorin. "Tun safe a nan nake duba marasa lafiya. Na yi wa wani allura a bayan bishiya, kunya ta kusa kashe mu, ni da shi."

"Ke ma ba ki tuna mini ba, apo."

"Ni 'yar bakin teku ce, aure ya hauro da ni. Mu a wajenmu kawu sai cin kifi. Ke da aka haifa a nan ai ke ce za ki koya mini." Ta dubi takalman Priska. "Da waɗannan za ki haura tudu? Sai ki dawo da ƙafa ɗaya."

Da su ɗin ta haura zuwa ƙauyen kawun. Hanyar tana nan yadda ta san ta, sai dai ta ƙara tsawo, ko kuma ƙafafun ne suka saba da kujera. Ta wuce inda ita da Betsi suke tsayawa su tsinki 'ya'yan itace su ɓoye a cikin riga. Daga nan in ka waiga kana hango bayan cocin Kotuva, inda wata bishiyar piya ta yi girma. Priska ba ta waiga ba.

Ta sami kawun a tsakar gida yana baza kofi a kan leda da ƙafarsa, da naɗin taba a takardar jarida maƙale a bayan kunne. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma muryar tana nan.

"A'a, ga Baturiya! Wa ya mutu kika tuna da mu?"

"Kandere, na zo gaishe ka," ta ce, da sunan da kawu da 'ya'yan 'yar'uwarsa suke kiran juna.

"Ƙarya kike, ganye ne ya kawo ki. Cire takalmin in ga ƙafata."

Ta zauna a kan kututture ta cire. Ya riƙe tafin ƙafar da hannu biyu, ya shafa tabon da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ta yi laushi kamar ta jariri. Haka ake yi da ƙafa a Brisbane, can ƙetare inda kika yi karatu?" Ya sake ta. "An ce kin tambayi uwaye, kin tambayi ubanni. Uba me ya zuba a jikin yaro ban da ƙashi da taurin kai?"

"Na yi kuskure, Kandere. Yadda aka koya mana, uwa da uba ake tambaya."

"Su waɗanda suka koya miki ba su da kawunnai?"

"Suna da su, amma ba a tambayarsu."

"Allah sarki. Shi ya sa suka yi fari fat, ba mai tsare musu jini." Ya tona toka ya ciro dankali, ya kakkaɓe, ya raba biyu ya miƙa mata babban rabon, kamar dā. "Ci. Jinin nan ina za ki kai shi?"

Ta yi masa bayani a hankali. Goroka za a kai, ba ƙetare ba. Ɗigo ne kaɗan a kan kati, in an gama dubawa a ƙone katin. Ta gaya masa abin da magani ke yi wa yaro in an fara da wuri. Ta kuma gaya masa maganar ƙarshen wata, ba ta ɓoye ba.

Ya saurara yana tauna. "To. Ba ni kaɗai na ƙulla ba, hannuna ne kawai aka ara. Gobe da safe za mu sauko. Ki nemo rake mai kyau, ba irin na kasuwa mai ɗanɗanon ruwa ba. Ki tsaya a gabanmu ki roƙa, yadda ake yi."

Washegari hazo bai gama tashi daga kwari ba suka fara isowa. Tun zamanin kakanni 'yan matan ƙauyukan bayan tudu suke aure a Kotuva, don haka kusan kowane jariri yana da kawu a can. Suka zauna a kan ciyawa a gaban ɗakin shan magani, wasu da hular saƙa, wasu da adda a gefe don daga nan gona za su wuce. Matan suka zauna nesa kaɗan, jarirai suna barci a cikin bilum da ke rataye a bayansu.

Priska ta ajiye damin rake a tsakiya, ta cire takalmi, ta yi magana da yaren gida. Ta ce ta tsallake su ta je ga jinin da ba nata ba, ta zo neman izini. Ta ga fuskoki suna saki. Wani ya ce ashe ba ta manta yare ba, sai dai ya ɗan yi ƙamshin sabulu. Aka yi dariya.

Sai wani mai suna Kiripo ya miƙe. Matashi ne mai faɗin ƙirji, direban motar kofi, ƙanwarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

"Susa, 'yar'uwa, mun ji, kuma kin yi ladabi. A ɗiba. Amma abu ɗaya. Abin da kika gani a cikin jinin, ki faɗa wa mai jinin. In ɗan ƙanwata yana da ciwo, ni zan fara ji. Ni ne zan ɗauke shi a mota, ni ne zan tambayi mijinta daga ina abin ya fito."

"Haka ne!" in ji da yawa daga cikinsu.

Dorin ta matso kusa da kunnenta. "Ce musu to, apo. A kwance ganyen nan tukuna, daga baya ma san dabara."

Priska ta dubi wajen matan. Wata da take wasa da zaren bilum ta daina. Wata ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Kalma ɗaya ce tsakaninta da tallafin, ga ta nan a kan harshe.

"Ɗan'uwa, wannan ba zan iya ba," ta ce. "Uwar yaro kaɗai zan faɗa wa, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Wanda ta ga dama ta gaya wa, wannan nata ne."

"Wato jinin namu ne a wajen ɗiba, ba namu ba ne a wajen ji?" Kiripo ya ɗauki addarsa. "To ganye ya zauna inda yake."

Maza suka fara miƙewa suna kakkaɓe wando. Priska tana tsaye ƙafa ba takalmi a kan ciyawa mai sanyi, tana kallon aikin da ta yi shekaru tana ginawa yana watsewa.

"Ku zauna," in ji Sekove. Bai ɗaga murya ba, bai ma tashi ba. "Ƙafafuna sun tsufa, ba zan bi ku ɗaya ɗaya ba. Ku dubi can."

Ya nuna bayan coci da haɓa, wajen bishiyar piya.

"Ku yara kuna cin 'ya'yanta, ba ku san me ke wurin dā ba. Bukka ce, kusa da ɗakin aladu. Betsi, yayar wannan, ta dawo daga birnin Lae da jariri a bilum, tana tari. Lokacin ba magani a nan, sai dai suna. Ɗan'uwan da ya raka ta asibiti ya ji sunan ciwon, ya ce dole a gaya wa maza, su ne masu haƙƙi. Aka gaya mana. Mu kaɗan ne a ɗakin, kowa ya rantse ba zai faɗa ba. Kafin Lahadi ba mai zama kusa da ita a coci. Kafin wata ya ƙare an kai ta can, an ware mata kwano da cokali."

Priska tana makarantar kwana a lokacin. Da ta zo hutu, daga bakin bukkar aka bar ta ta tsaya. Ta tuna ƙafar jaririn da ta leƙo daga cikin bilum, diddigen bai fi kan babban yatsa ba. Shi ya riga tafiya, uwar ta bi shi kafin a tsinki kofi.

"Mu masu jini muna da yawa a bayan tudun nan," in ji tsohon. "Da a ce ƙaya Betsi ta taka, da dukanmu mun zo da laka a fuska mun ci kaza. Amma da aka ji sunan ciwon, hanyar ta yi wa kowa nisa. Ina kawo mata dankali, in zauna a ƙofa, tana tsefe wa yaron kai tana yi mini waƙar da uwarta take yi. Ba ta taɓa tambayata wa ya faɗa ba." Ya ciro tabar daga bayan kunne, ya dube ta, ya mayar. "Kiripo, kai yaron kirki ne, na sani za ka ɗauki ɗan ƙanwarka a mota. Amma kana da mata, matarka tana da ƙawa, ƙawar tana sayar da gyaɗa a bakin kasuwa. Ni dai ga nawa. A tambaye ni kafin a taɓa jinina, an kuwa tambaye ni. In za a huda yaro, a cinyata za a huda shi, ni zan riƙe ƙafar. Abin da aka gani kuma a ba uwarsa. In ta kawo mini da kanta, ma ɗauka tare."

Kiripo ya girgiza kai. "Baba, ka yi magana, amma ni ban gamsu ba. A bar mini ɗan ƙanwata tukuna." Ya juya ya kama hanya, wasu 'yan kaɗan suka bi shi. Priska ta ce masa ba komai, ƙofa a buɗe take duk ranar da suka shirya. Sauran suka koma suka zauna. Wani ya jawo rake ɗaya daga damin, ya karya a gwiwa, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka raken ya zaga har ya iso hannunta.

"Saura abu ɗaya," in ji Sekove. "Allurar nan a fara da ni. Ba zan miƙa ƙafar yaro ga abin da ban ɗanɗana ba."

Dorin ta buɗe jakarta, Priska ta sa safar hannu ta durƙusa. Tsohon ya miƙo diddige. Ta goge, ta danna, ko alama. Ta canza wata ta sake dannawa.

"Baba, wannan ƙafa ce ko tayar mota?" in ji Dorin. "Sai dai mu aro ƙusa wajen kafinta."

Dariya ta ɓarke har wajen matan. Aka koma kan yatsa. Da tsinin ya shiga, tsohon ya zabura ya yi ƙara, ya kira sunan uwarsa da ta daɗe a ƙasa. Jini ya taru ja a kan yatsan. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama'a, yana ɓata fuska irin ta yara.

"Ku gani, an zubar mini da jini a gaban kowa. Ni kuwa kawunnaina sun ƙare tuntuni. Wa zai zo ya yi mini kuka? Wa zai karɓar mini kaza?"

Da wasa ya faɗa, aka kuma yi dariya. Priska ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta cire safar, ta dangwali lakar da raɓa ta jiƙa a gefen dutse, ta shafa a goshi da kumatu. Ta riƙe hannunsa da nata biyu, ta fara kukan nan mai jan murya da ta ji a bakinsa tana ƙarama. Da farko kwaikwayo ne, mutane suna tafi. Can sai muryar ta karye, kukan ya zama na gaske, na Betsi da ɗan diddigen nan da ba wanda ya huda, da wuyan da ta hau tana riƙe da kunnuwa. Tafin ya tsaya. Tsohon ya ɗora ɗaya hannun a kanta ya bar shi a nan har ta yi shiru.

"Ya isa, Kandere," ya ce a hankali. "Kin iya. Kazar ma na yafe."

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya taka zuwa ƙofa. Ƙullin ya bushe ya ɗan yi gardama, sai da ya sa haƙori. Ya naɗe ganyen ya cusa a aljihu, ya tura ƙofar, ya zauna a kan bencin da ke ciki ya gyara cinya.

"Je ki wanke fuska, likita ba ta aiki da laka," ya ce. Sannan ya leƙo waje wajen matan. "Ina jikar ƙanena, mai kumatun nan? Kawunta yana Lae, ni zan tsaya masa. Miƙo mini ita."